Faifai Ba A Yanka Shi Kamar Tsire

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida tsakanin ma'aikata masu ilimi, har ta kai ana yi mata kallon wayewa. Likita ko lauya ko injiniya zai zauna gaban kwamfuta, ya toshe kunnuwansa, ya buɗe manhajar kiɗa, ya danna wani jeri da aka yi wa laƙabi da jazz na natsuwa ko jazz na aiki. Jerin zai yi ta zuba awa uku. In an tashi aka tambaye shi wane ne ya busa ƙahon da ya ji, ko a wace shekara aka ɗauki kiɗan, sai ya yi shiru. Duk da haka, ranar da abokinsa ya nemi ya ba shi shawarar abin saurare, wannan jerin zai tura masa, yana ganin ya yi kyauta.

Wannan ba shawara ba ce, kuma lokaci ya yi da za a faɗa ba tare da kara ba. Mutumin da zai ji kunya ya yago shafi uku daga tsakiyar Shaihu Umar ya miƙa wa wani ya ce ga littafin Tafawa Ɓalewa, shi ne yake yi wa John Coltrane haka kullum ba tare da ya ji komai ba. Manyan ayyukan jazz, da na reshen kiɗan rock mai dogon zango wanda masu shi ke kira progressive rock, da wasu da dama a sauran fannoni, an gina su ne a matsayin faifai guda mai farko da tsakiya da ƙarshe. Wanda ya tsinko waƙa ɗaya ya jefa cikin tarin waƙoƙin wasu mutane ya ɓata ginin, ya cuci kunnen wanda ya bai wa, ya kuma taimaka wa wata kasuwa da ba ta son a san sunan makaɗi.

Kafin shekarar 1948, faifan garmaho da aka saba da shi yana juyawa sau 78 a minti, kuma kowane gefe nasa bai ɗaukar fiye da minti uku ko ɗan sama da haka. Makaɗin da ke iya busa na rabin awa a dandali dole ya matse kansa cikin wannan ɗan taƙi. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda kowane gefe ke ɗaukar minti ashirin da 'yan kai. Da farko a fagen jazz an fi ɗaukar shi rumbun tara gajerun waƙoƙi. Cikin shekara goma sha biyar makaɗa suka gane cewa an ba su fili ne na yin magana mai tsawo: abin da zai buɗe gefen farko, abin da zai rufe shi, shirun da ke tsakani yayin da mai sauraro ya tashi ya juya faifan, da abin da za a bar shi da shi a ƙarshe. Duk wanda ya yi zamani da kaset ya san wannan shirun, domin shi ma sai an juya shi.

Babu hujjar da ta fi A Love Supreme ƙarfi. Coltrane ya ɗauke shi a zama ɗaya, ranar 9 ga Disamba 1964, a situdiyon Rudy Van Gelder da ke jihar New Jersey, tare da McCoy Tyner a kan piyano, Elvin Jones a kan ganguna, da Jimmy Garrison a kan bes, wato ƙaton kayan tsirkiyar nan da ake tsayarwa a ƙasa ana kaɗawa da yatsa. Tsawonsa minti 33 ne, kashi huɗu. Shekara bakwai kafin nan, a 1957, Miles Davis ya kori Coltrane daga ƙungiyarsa saboda shaye-shaye, ya koma gida ya yaƙi jarabar har ya rabu da ita, kuma faifan nan godiyarsa ce ga Ubangiji a kan wannan kuɓuta. A kashin farko Garrison ya kafa wata 'yar jimla mai sauti huɗu. Coltrane ya yi ta kewaye ta da saksofon, can ya dawo ya ɗauke ta ya busa ta a kowane mataki na sauti, sama da ƙasa, kamar mai nuna cewa ko'ina aka juya abu ɗaya za a tarar. Kashi na uku guguwa ce da gangunan Jones suka buɗe, sannan komai ya lafa aka bar Garrison shi kaɗai. Daga wannan lafawar kashi na huɗu ya taso, inda Coltrane ya bi wata addu'a da ya rubuta a jikin kwalin faifan yana busa ta gaɓa bayan gaɓa, ba tare da furta kalma ba. Mai haɗa jeri zai iya tsinko wannan kashi na ƙarshe saboda sanyinsa. Amma sanyin nan hutun wanda ya ratso guguwa ne. In an cire guguwar, abin da ya rage busa ce mai daɗi da ba ta nufin komai.

Kind of Blue na Miles Davis shi ya fi kowane faifai shan wannan wulaƙanci, domin taushinsa ya sa an mayar da shi turaren ɗaki a otal-otal da gidajen cin abinci. An ɗauke shi a kwana biyu, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, a New York, waƙoƙi biyar cikin kusan minti 45. Abin da ya sa ya zama juyin juya hali shi ne Davis ya rage yawan sauye-sauyen da makaɗan zamaninsa ke tsere a kansu, ya ba kowane mai busa tsanin sauti ɗaya ko biyu ya ce ya gina magana a kai. A waƙar farko, So What, bes ne ke yin kira, piyano da masu busa su amsa da sauti biyu, kuma duk wanda ya taɓa jin jagora da 'yan amshi zai gane abin da ke faruwa nan take. Daga nan sai a ji mutum uku sun ɗauki fili ɗaya kowa da halinsa: Davis mai tsumulmular sauti da barin gurbi, Coltrane mai tono kamar wanda ya ɓatar da wani abu, Cannonball Adderley mai fara'a. A waƙa ta biyu an sauya mai piyano, Wynton Kelly ya karɓi Bill Evans, kuma sai wanda ya bi faifan a jere zai ji yadda hannun ya canza daga lallashi zuwa rangaji. A waƙar ƙarshe, Flamenco Sketches, an ba kowa tsani biyar, ya zauna a kan kowane gwargwadon yadda ya so kafin ya wuce. Wannan 'yanci shi ne inda faifan ya dosa tun daga farko. Wanda yake amsa saƙonnin ofis yana jin sa a bayan kunne ba zai san an je ko'ina ba.

Makaɗan rock na Ingila a farkon shekarun 1970 sun kai wannan tunani maƙura. Close to the Edge na ƙungiyar Yes, wanda ya fito a 1972, waƙoƙi uku ne kacal, kuma ta farko ta cinye gefe guda, fiye da minti 18. Tana buɗewa da kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa, ta faɗa cikin wata hayaniyar jita da ganguna da za ta iya korar mai gaggawa, sannan a hankali tsari ya fito daga cikin ruɗanin. A tsakiyarta akwai wurin da komai ke tsayawa a bar ƙatuwar molon coci da Rick Wakeman ya kaɗa a wata majami'a ta Landan, kafin a koma ga tsuntsayen da aka fara da su. Red na King Crimson, na 1974, ya rufe da Starless, minti 12. Bayan waƙa mai taushi ta ɗan lokaci, Robert Fripp ya kama sauti ɗaya tak a kan jita ya yi ta maimaita shi, yana ɗaga shi kaɗan-kaɗan, bes na John Wetton yana ƙara nauyi a ƙarƙashi, Bill Bruford yana ƙwanƙwasa ƙarafa, har mai sauraro ya ji kamar igiya za ta tsinke. Sa'ad da abin ya fashe, aka dawo da sanyin farko da ƙarfin da bai da shi a da, minti biyar ɗin haƙurin nan su ne suka biya kuɗin. Fripp ya rushe ƙungiyar kafin faifan ya shiga kasuwa, don haka wannan waƙa ita ce bankwanan wancan zubi na King Crimson.

Makaɗan da kansu sun ɗauki maganar da muhimmancin da ya kai su gaban alƙali. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, na 1973, yana farawa da bugun zuciya ya ƙare da shi, kuma waƙoƙin kowane gefe a sarƙe suke babu yankewa, suna bin lokaci da mutuwa da kuɗi da taɓin hankali ɗaya bayan ɗaya. A watan Maris 2010 Babbar Kotun Landan ta yanke hukunci cewa kamfanin EMI ba shi da ikon sayar da waƙoƙin ƙungiyar ɗai-ɗai ta intanet ba da izininsu ba, saboda yarjejeniyarsu ta tanadi kare cikar faifan. Gaskiya ne cewa a farkon 2011 sun sake yarjejeniya suka yarda a sayar ɗai-ɗai, domin kasuwa ta fi ƙarfinsu. Amma rikicin bai mutu ba. A Nuwamba 2021, da Adele ta fitar da faifanta mai suna 30, sai da ta nemi Spotify ya daina sanya hargitsa jeri a matsayin abin da ke faruwa da zarar an danna faifai, kamfanin kuma ya amsa. Wato har zuwa wannan shekara, manhajar kiɗa mafi girma a duniya tana ɗaukar tsarin da mai faifai ya yi wa aikinsa a matsayin abin da ba dole ba.

Dalilin haka kuɗi ne, kuma ya kamata mai ilimi ya san lissafin da yake ciyarwa da kunnensa. A Spotify ana ƙirga an saurari waƙa da zarar ta yi daƙiƙa 30. Waƙar minti 18 da waƙar minti biyu daidai suke a wannan ma'auni, saboda haka mai dogon aiki hasara yake yi, mai gajere da yawa shi ke ci. Jerin natsuwa da na barci da na aiki su ne suka fi dacewa da wannan tsari, domin mai sauraronsu ba ya duba suna. A 2024 jaridar Dagens Nyheter ta Suwidin ta bayyana cewa wani makaɗi guda ɗaya na ƙasar ya saki kiɗe-kiɗe a ƙarƙashin sunaye sama da 600 na ƙirƙira, kuma sun cika irin waɗannan jeri. A farkon 2025 'yar jarida Liz Pelly ta fitar da littafinta Mood Machine, inda ta ba da rahoton wani shiri na kamfanin na cusa kiɗa mai arha, wanda wasu kamfanoni ke samarwa da yawa, cikin jerin yanayi, har da na jazz. Ma'aikacin da ke alfaharin cewa shi mai jin jazz ne, yana iya yiwuwa rabin abin da ya sha a makon jiya an yi shi ne musamman don kada ya lura da shi.

Masu kare jeri suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa tsawon faifai hatsarin fasaha ne, roba ce ta ƙayyade minti arba'in. Haka ne, amma tsawon baiti a rubutacciyar waƙa ma ƙa'ida ce da wani ya kafa, kuma ba wanda ya ce don haka a yanke ƙafar baiti. Suna cewa faifai da yawa waƙa biyu ce mai kyau sai ciko. Wannan ma gaskiya ne, kuma irin waɗannan faifai ba su cancanci a ba da shawararsu ba, shi ke nan. Suna cewa kiɗan rock mai dogon zango cike yake da girman kai. Wani lokaci ƙwarai kuwa: Yes ɗin nan da suka yi Close to the Edge, a shekarar da ta biyo baya suka fitar da Tales from Topographic Oceans, waƙoƙi huɗu a gefe huɗu, wanda Wakeman kansa ya gaji da shi har ya bar ƙungiyar. Tsawo kaɗai ba daraja ba ne. Sai dai ba a iya bambance dogon aiki mai ma'ana da dogon surutu sai an zauna an ji su duka, kuma wannan zaman shi ne abin da jeri ke kashewa. Hujjar rashin lokaci kuwa ita ce mafi rauni, domin mai yin ta yakan kalli wasan ƙwallo na minti 90 bai tashi ba.

Akwai kuma masu cewa wannan duk kiɗan wasu ne, kunnen Bahaushe bai saba da shi ba. Kiɗan Hausa dai ba a kan faifai aka haife shi ba, a fada da dandali da gidan biki ya tashi. Amma wanda ya girma yana jin Narambaɗa ko Shata ya riga ya san abin da ake nema a nan. Ya san gindin waƙa da ake komawa gare shi, ya san ɗiyan da jagora ke ɗorawa yana nisa yana dawowa, ya san cewa daɗin Bakandamiya yana cikin taruwarta, kuma ba ya yarda a kashe rediyo a tsakiyarta. Ginin jazz bai yi nisa da wannan ba: a kafa gindi, kowa ya kawo ɗiyansa, a koma gindi. Masu jazz ɗin ma sun san da dangantakar. Yusef Lateef, wanda ya buɗe faifansa Eastern Sounds na 1961 da busa wata 'yar sarewar yumɓu ta Sin, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya nazarci sarewar Fulani, kuma a 1983 ya ɗauki faifansa In Nigeria a Legas tare da makaɗan ƙasar. Mutumin da ya yi aiki da Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley ya ga akwai abin da zai zo ya koya a nan na shekara huɗu. Abin kunya ne jikokin masu sarewar su kasa ba shi minti arba'in.

Maganar ba ta tsaya ga jazz da rock ba. What's Going On na Marvin Gaye, na 1971, an tsara shi ta idon sojan da ya dawo daga yaƙin Biyetnam, kamar yadda ƙaninsa Frankie ya dawo, ya tarar da talauci da ƙwaya da zaluncin 'yan sanda. Waƙoƙin suna zubewa cikin juna, kuma ta ƙarshe tana komawa ga sautin ta farko, alamar cewa tambayar ba ta sami amsa ba. Zombie na Fela Kuti yana barin ganguna da ƙahoni su yi mintuna suna haƙa rami kafin a furta kalma ɗaya ta izgili ga soja, kuma a Fabrairu 1977 sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Wanda ya tsallake zuwa inda ake rera waƙar bai ji fushin da aka tara ba. In the Heart of the Moon, wanda Ali Farka Touré da Toumani Diabaté suka ɗauka a wani otal na bakin kogin Neja a Bamako ba tare da gwaji ba, hira ce tsakanin jita da kora, tsakanin arewacin Mali da kudancinta, kuma hira ba a fahimtarta daga jimla ɗaya. Ya fito a 2005, Ali ya rasu a Maris 2006.

Sai dai akwai wani ɓangare da shi ma ya cancanci tsawa, wato masu jera faifai ɗari mafi kyau su watsa don a san sun sani. Jerin suna ɗari da jerin manhaja uwarsu ɗaya, domin dukansu suna kauce wa ɗaukar nauyi. Shawara ta gaskiya faifai ɗaya ce, ga mutum ɗaya, da dalili. Mai bayarwa ya faɗi abin da za a sa wa kunne, ya faɗi inda abin zai yi wuya, ya kuma yarda a dawo a ce masa bai yi ba. Wanda zai miƙa wa abokinsa The Black Saint and the Sinner Lady na Charles Mingus, na 1963, wajibi ne ya gaya masa cewa makaɗa goma sha ɗaya ne ke kuka da gurnani a lokaci guda, cewa Mingus likitan ƙwaƙwalwarsa ya sa ya rubuta wani ɓangare na bayanin jikin kwalin, kuma cewa jin farko yana iya zama azaba. In ya ɓoye wannan, ya yi wa abokin tallan abin da shi ma bai zauna da shi ba.

Ga wanda bai taɓa gwadawa ba, hanyar ba ta da tsada, domin galibin faifan da aka ambata suna cikin manhajar da ke wayarsa. Ya fara da Kind of Blue, tunda kiran da amshinsa sananne ne ga kunnensa. Bayan mako guda ya ɗauki A Love Supreme. In ya ji yana son ƙara, Red yana jiransa, in kuma sanyi yake nema, ga Ali da Toumani. Sharaɗin ɗaya ne: a kashe maɓallin hargitsa jeri, a kifa wayar, a bar aiki, a fara daga waƙar farko. Jirgin ƙasa daga Abuja zuwa Kaduna yana cin fiye da awa biyu, wato Davis da Coltrane da King Crimson za su shiga ciki har a sami ragowar lokacin yin shiru tsakaninsu. Wanda ya sauka a Rigasa bayan irin wannan tafiya, in abokinsa ya tambaye shi abin saurare, zai iya kiran suna ɗaya ya kuma faɗi dalili.